Masallacin Babban Gwani a Birnin Zariya

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, bayan da daular Shehu Usmanu ta kafu, malamai suka duƙufa ga raya sunna, sai aka ɗora wa Malam Mika'ilu, wanda sarautarsa ta Babban Gwani ta rinjayi sunansa, nauyin gina masallacin Juma'a a ƙofar fada. Da tubali da azara ya tayar da ginshiƙai, ya ɗaure bakan gizo, ya rufe da ɗaurin guga, har wasu masana suke ganin cewa ginin ƙasa bai taɓa kai wannan matsayi a ƙasar Hausa ba.

Amma ginin ƙasa amana ce mai bukatar yaɓe da makuba da gyaran indararo kowace shekara, kuma da siminti ya shigo, magina suka ƙaranta, sai damina ta fara cin jikin masallacin. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci, aka rushe wani sashe na tsohon, aka lulluɓe abin da ya saura a cikin sabon gini domin kare shi daga ruwa. Tun kafin haka, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi dalla-dalla, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

Alhamdu lillahi, wani abu ya tsira. Sai dai wajibi ne hukuma da masarauta su tallafa wa zuriyar magina su koyar da almajirai, domin idan ilmin ya ɓace, babu mai iya gyara abin da ya rage.