Gwargwadon Maganisiyam a Ruwan Wankin Ƙoda da Lafiyar Majinyata: Bitar Hujjojin Asibiti

Tsakure

Wannan maƙala ta auna hujjojin da ake kafawa wajen kiran a ƙara maganisiyam a cikin ruwan wankin ƙoda, ta rarrabe tsakanin abin da aka gani ta hanyar lura da abin da gwaji ya tabbatar, sa'an nan ta nuna cewa dalilan sun kai matsayin zato mai rinjaye, amma ayyukan da aka bita ba su kai shi ga yaƙini ba.

Gabatarwa

Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 25 na maganisiyam, fiye da rabinsa a cikin ƙashi, abin da ke yawo a jini kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ƙoda ce Allah ya ɗora wa amanar riƙe shi tsakanin milimol 0.7 da 1.0 a kowace lita. To, idan ƙoda ta gaza har majinyaci ya dogara ga na'ura sau uku a mako, sai wannan amana ta koma hannun likita, domin sinadarin yana ratsa matatar na'ura daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Cibiyoyi masu yawa sun tsaya a kan milimol 0.5 a kowace lita ta ruwan wanki, adadin da aka gada saboda tsoron taruwar sinadarin a jikin da ba ya fitar da shi, kuma mas'alar da muke bincike ita ce ko wannan tsayuwa hujja ce ko kuwa taƙlidi.

Dabarun Bincike

An zaɓi ayyuka uku da aka riga aka wallafa, kowanne yana wakiltar daraja ɗaya ta dalili, aka tambayi kowannensu abu biyu: yaya aka raba majinyata, kuma me aka auna a ƙarshe.

Sakamakon Bincike

Na farko shi ne aikin Sakaguchi da abokansa a Japan, wanda mujallar Kidney International ta buga a 2014, inda aka bi majinyata 142,555 tsawon shekara guda, aka iske cewa waɗanda maganisiyam ya yi ƙaranci a jininsu sun fi saurin rasuwa, ta ciwon zuciya da ta wasu sabubba, alhali kuwa haɗarin ya sake ɗagawa ga waɗanda adadin nasu ya wuce kima.

Na biyu gwajin Bressendorff ne a Denmark, a 2018, wanda ya raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, ya ninka wa kashi ɗaya maganisiyam na ruwan wanki daga milimol 0.5 zuwa 1.0 har kwana 28. Ma'aunin da aka duba shi ne T50, watau lokacin da ƙwayoyin kalsiyam da fosfet da ke cikin jini suke ɗauka kafin su rikiɗa zuwa siffa mai tauri, kuma wannan lokaci ya ƙaru da minti 73 idan aka kwatanta da ɗaya kashin.

Na uku, MAGiCAL-CKD, wanda ya fito a 2023, ya bai wa mutum 148 da ba su fara wanki ba ko dai maganisiyam na sha ko magani marar sinadari har shekara guda, amma daskarewar kalsiyam a jijiyoyin zuciya ba ta ragu ba, sai ma ƙorafin ciwon ciki da ya yawaita.

Tattaunawa

Hikimar da ke bayan fatan da ake yi wa ƙarin maganisiyam ba ɓoyayya ba ce, domin maganisiyam yana shiga tsakanin kalsiyam da fosfet ya jinkirta haɗuwarsu, kuma ƙarancinsa yana dagula bugun zuciya, yana kawo ɗaurewar tsoka. Sai dai wajibi ne mai nazari ya bambanta sababi da alama. Majinyacin da aka hana alayyafo da gyaɗa da wake saboda tsoron fotasiyam, ko wanda cin abinci ya gagare shi, ko wanda ya daɗe yana shan maganin gyambon ciki irin su omeprazole, duk za a sami maganisiyam ɗinsu ƙasa, ta yadda mai yiwuwa ne ƙarancin ya zama shaidar rashin ƙoshi da tsananin cuta, ba shi ne ya jawo ajali ba. Haka nan T50 awo ne na cikin kwalba, kuma yin ƙiyasi daga kwalba zuwa tsawon rai shi ne ainihin matakin da gwaji na uku ya gargaɗe mu a kansa. A ɗaya ɓangaren, yawan sinadarin yana saukar da hawan jini fiye da kima, yana raunana tsoka, yana danne sinadarin faratayirod wanda ƙashi ke bukata don sabunta kansa.

Saboda haka ne aka tsara gwajin Dial-Mag a Kanada, wanda ya raba cibiyoyi sukutum ta ƙuri'a tsakanin milimol 0.75 da 0.5 ko ƙasa da haka, yana ƙirga mutuwa da kwanciya asibiti saboda zuciya, kuma irin wannan shaida ce ke da ikon yanke hukunci.

Kammalawa

Abin da muke roƙon likitoci da ma'aikatan jinya shi ne su sa awon maganisiyam cikin awon jini na yau da kullum, su binciki abinci da magungunan wanda aka samu da ƙaranci, su ƙara masa a ruwan wanki da lura, kada kuma su mayar da wannan ƙari doka a kan kowa kafin hujja ta cika, domin mutumin da ke zaune sa'a huɗu jininsa yana zagaya na'ura ya damƙa musu amanar da ƙodarsa ta kasa riƙewa. Allah ne mafi sani.