Asalin Birnin Libreville da 'Yan Fashin Tekun Gabon

A shekarar 1494 Sifen da Fotigal suka zauna a garin Tordesillas suka raba sababbin ƙasashen duniya tsakaninsu, ba su bar wa Faransa komai ba. Sarakunan Faransa kuwa ba su da isassun jiragen yaƙi da za su ƙwaci rabo da ƙarfi. Sai suka ɓullo da dabara: attajiri ya ƙera jirginsa, ya ɗora masa igwa, sarki ya ba shi takardar izinin kama jiragen abokan gaba, in an samo ganima a raba. Mai takarda, a idon sarkinsa, mayaƙi ne. Wanda ba shi da ita ɗan fashi ne, makomarsa igiya.

Cikin na farko-farko akwai Jean Fleury, wanda ya tare jiragen Sifen ɗauke da dukiyar Meziko. Da ya faɗa hannun Sifaniyawa a 1527, ba su dubi wata takarda ba, suka rataye shi. Daga baya garuruwan Dunkirk da Saint-Malo suka shahara da wannan sana'a. Mutumin Saint-Malo ne, Duguay-Trouin, ya ci birnin Rio de Janeiro a 1711, bai tashi ba sai da aka biya shi fansa.

Ana nan sai aka yi sulhun Utrecht a 1713. Yaƙi ya ƙare, takardu suka mutu, dubban matuƙa suka rasa abin yi. Da yawansu suka ci gaba da sana'ar ba izinin kowa, wasu suka nufo gaɓar Afirka ta Yamma, inda jiragen bayi ke yawo da zinariya da hauren giwa. A 1719 Bafaranshe Olivier Levasseur, mai laƙabi La Buse, ya haɗu da 'yan fashi Howell Davis da Thomas Cocklyn a Saliyo, suka yi ta kama jirage. Levasseur ne ya zagaya Tekun Indiya ya kama wani ƙaton jirgin Fotigal maƙare da dukiya a 1721, aka kuma rataye shi a tsibirin Réunion a 1730.

Me ya jawo irin waɗannan mutane gaɓar Gabon? Iska da igiyar ruwa. Jirgin da ya gama lodi a Wida ko Kalaba yakan gangaro kudu wajen Sao Tome ko tsinin Cape Lopez, ya ɗebi ruwan sha da itace kafin ya tsallaka Amurka. Nan ne mashaya, ɗan fashi kuma ya san kwanto. A nan Cape Lopez, a watan Fabrairun 1722, jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya rutsa da ɗan fashi Bartholomew Roberts ya kashe shi. Aka rataye 52 daga mutanensa a Cape Coast, baƙaƙen cikinsu kuma aka sayar da su bayi.

Fashi ya lafa, amma cinikin bayi ya ƙara fiye da shekara 100. Da Faransa ta haramta shi, sai ta turo sojan ruwanta na ainihi su yi farautar masu fasa-ƙwaurin mutane, ta kuma nemi kafa ƙafar ciniki. Hafsanta Édouard Bouët-Willaumez ya ƙulla yarjejeniya da sarakunan Mpongwe na gaɓar Gabon, wato Sarki Denis a 1839 da Sarki Louis a 1842, aka gina ganuwar Fort d'Aumale a 1843.

A 1846 Faransawa suka kama jirgin bayi mai suna Elizia, suka kai mutanen cikinsa Senegal. A 1849 aka kawo kimanin 50 daga cikinsu aka zaunar da su kusa da ganuwar, aka sa wa wurin suna Libreville, garin 'yantattu, kamar Freetown ta Saliyo. Shekara 7 bayan haka, a 1856, manyan ƙasashen Turai suka sa hannu a Paris suka soke takardar izinin kama jirage.

Ka ji asalin garin da ya zama babban birnin Gabon a 1960. Unguwar Louis da Pointe Denis sunan sarakunan nan biyu suka ci, kasuwar Mont-Bouët kuwa, inda fataken Afirka ta Yamma har da Hausawa ke kasa hajarsu, sunan hafsan ta ɗauka.