Burtalin da ya zama gona: tarihin rabuwar kai a arewacin Zamfara

Maƙalar wannan mako ta shafi gida ce.

Bayan kisan George Floyd a Minneapolis ta Amurka a watan Mayun 2020, an yi ta muhawara: shin wariya halin wasu mutane ce kawai, ko tana cikin tsarin 'yan sanda da kotu da rabon gidaje? Mu nan Kurya Madaro launinmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, amma tambayar ta iso ƙofarmu. Bafulatani na cewa hukuma ta daɗe tana tatsarsa. Bahaushe na cewa shi ake kashewa a gonarsa. Kowa kuma na ganin ɗayan ne ya yi yawa a ƙasar.

Mu koma baya. Gobirawa ƙarƙashin Babari sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, suka kafa Alƙalawa. Wannan haushin na cikin abin da ya sa Zamfarawa da yawa suka karɓi Shehu Usmanu, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinsu. Namoda, jagoran Fulani Alibawa wanda Ƙauran Namoda ta ci sunansa, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808. Amma a tsakiyar jihadin wasu garuruwan Zamfara sun juya wa jama'ar Shehu baya saboda rikicin abinci. Ke nan zama tare da saɓani duk tsofaffi ne.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai suka riƙa rubuta Fulani a matsayin masu mulki, "Haɓe" kuma talakawa. Wannan rabon ya manta da makiyayi na ruga, wanda ba ya da sarauta, sai jangalin da yake biya kan kowace saniya, harajin da Shehu da kansa ya soka a Kitabul Farƙi.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929. Gyaɗa da auduga suka yi kuɗi, gonaki suka faɗaɗa. Duk da haka akwai buƙatar juna: bayan girbi makiyayi ya sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba da hatsi, matan ruga su kawo nono. A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, kuma babban dajin kiwo na Zamfara yana nan yankin Zurmi, da ƙauyukan noma irin su Dumburum a cikinsa.

Sai abubuwa suka taru. Farin 1973 da na 1984 suka turo mutane da dabbobi daga arewa. Takin zamani ya rage darajar kashin shanu. Jama'a ta ƙaru. Ƙidayar 2006 ta ba Zamfara sama da mutum miliyan 3.2. Bayan 1999 aka yanka sassan dazukan Kuyambana da Gidan Jaja aka mayar gonaki. Burtali ya tsuke, ɓarna ta yawaita, makiyaya na kukan tarar da ke cinye musu shanu. Satar shanu ta ƙazanta wajen 2011, 'yan sa-kai suka fito, aka kashe Fulanin da ba su ji ba su gani ba a kasuwanni, 'yan bindiga kuma suka ƙone ƙauyuka, suka sace mutane, suka ɗora wa manoma haraji. A Satumban 2021 har layukan waya da kasuwannin mako aka rufe.

To, wariya ce a cikin tsari? Masu cewa e suna nuna makiyayin da ba ya da takardar fili, ba makaranta, ba wakili. Masu cewa a'a suna nuna manomin da shi ma ba asibiti ba tsaro, da kuma Fulanin da 'yan bindiga suka raba da garkensu. Ni a ganina tsarin ya zalunci talakan ɓangarorin biyu, kowa ta inda ya fi rauni. Wannan bayani ne na yadda aka zo nan. Ba uzuri ba ne ga wanda ya zubar da jini.

Batun yawa kuwa, ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabilar kowa ba. Duk wanda ya ce maka "sun fi mu yawa", tambaye shi inda ya ƙirga.

'Yan'uwa, alƙalaminmu na iya zama fetur. In ɗan ta'adda ne a labarinka, ba shi suna da laifinsa, kada ka ɗora wa ƙabila. In kuna da tsoho a gida, ku zauna da shi ya zana muku inda burtalin garinku ya bi, da sunan Arɗon da ke sauka gonarsu. Ku rubuta tun masu sanin suna raye.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.