Abin da ya kamata a yi idan manhajar tsaron Windows ta cinye ƙarfin kwamfuta

Kwamfuta kan wayi gari ta yi nauyi, fankarta na ƙugi, jikinta ya ɗauki zafi, buɗe takarda guda ma sai an yi ta jira. Idan aka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, shafin Task Manager zai buɗe ya nuna manhajar da ke shan ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake rubutawa CPU. A kwamfutoci masu Windows 10 da Windows 11, sau da yawa sunan da ake gani a saman jerin shi ne Antimalware Service Executable.

Mutane da dama kan ɗauka bairos ne. Alhali kuwa shi ne injin Microsoft Defender, manhajar kariya da ke zuwa a cikin Windows, kuma sunan fayil ɗinsa MsMpEng.exe. Aikinsa shi ne duba duk fayil ɗin da aka buɗe, ko aka sauke daga intanet, ko aka kwafo daga filas, sannan yakan gudanar da bincike lokaci zuwa lokaci. Saboda haka mafita tana wajen gano abin da ke sa shi yawan aiki a rage masa, ba tare da an bar kwamfutar babu mai gadi ba.

Yaushe abin ke zama matsala?

Hauhawar aikin furosesa na ɗan lokaci ba abin damuwa ba ne. Hakan na faruwa yayin cikakken bincike, ko girka sabuwar manhaja, ko kwafar dubban fayiloli, ko bayan kunna kwamfutar da ta daɗe a kashe tana karɓar sabuntawa. A bar ta a kan caji ta gama. Idan kuwa nauyin ya ɗauki sa'o'i, ko yana dawowa kullum ba a aikin komai, to akwai abin dubawa.

Mataki na farko: tabbatar da fayil ɗin

Wasu manhajoji masu cutarwa kan ari sunan fayilolin Windows don su ɓuya. A Task Manager, a danna sunan da maɓallin dama na maus, a zaɓi Open file location. Na gaskiya yana cikin foldar Windows Defender, galibi a wannan adireshi: C:\ProgramData\Microsoft\Windows Defender\Platform. Idan an same shi a foldar Downloads ko Temp, akwai alamar tambaya a kansa.

Mataki na biyu: sabuntawa da sake kunnawa

A shiga Windows Security, a zaɓi Virus & threat protection, sannan Protection updates, a danna Check for updates. A kuma duba Windows Update. Daga nan a zaɓi Restart maimakon Shut down, domin tsarin saurin kunnawa na Windows yakan adana wani ɓangare na halin da kwamfutar take ciki idan an kashe ta, shi kuwa Restart yana farawa ne daga tushe.

Mataki na uku: kawar da zargin bairos

Wani lokaci injin na wahala ne saboda da gaske akwai abin da yake fama da shi. Wannan ya fi yawa a kwamfutocin shagunan buga takardu da ofisoshi, inda ake soka filas daban-daban a yini, da kuma waɗanda aka sa wa manhajojin sata. A ƙarƙashin Scan options akwai binciken da ake kira offline, wanda ke sake kunna kwamfutar ya duba ta kafin Windows ta gama tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Yakan ɗauki kimanin minti 15. A adana duk aikin da ake yi kafin a fara.

Mataki na huɗu: manhajar kariya guda ta isa

Idan aka girka wata manhajar kariya, Defender kan janye da kansa ya bar mata aikin. Rikici na tasowa ne idan waccan ta ƙare wa'adinta, ko an cire ta amma ɓurɓushinta ya rage, abin da aka saba gani a kwamfutocin hannu da aka saya da tsofaffin manhajoji a ciki. A cire ta gaba ɗaya. Yawancin kamfanonin suna da manhajar gogewa ta musamman a shafukansu.

Mataki na biyar: sauya lokacin bincike da rage kasonsa

A buɗe Task Scheduler, a bi Task Scheduler Library, Microsoft, Windows, sannan Windows Defender. A buɗe Windows Defender Scheduled Scan, a shiga Triggers, a sa lokacin da kwamfutar ke kunne amma ba a aiki da ita, kamar lokacin hutun rana.

A tsarin asali, binciken na iya amfani da matsakaicin kashi 50 cikin 100 na ƙarfin furosesa. Domin rage shi zuwa kashi 30, a buɗe PowerShell da izinin mai kula da kwamfuta, wato Run as administrator, a rubuta:

Set-MpPreference -ScanAvgCPULoadFactor 30

Wannan adadi jagora ne ga injin a lokacin bincike, bai shafi duban da yake yi wa fayiloli yayin da ake buɗe su ba. Kuma binciken zai ƙara tsawo. Kada a sa sifili, domin ma'anarsa cire iyakar baki ɗaya.

Mataki na shida: gano fayilolin da ke jawo nauyin

Microsoft ya tanadi hanyar auna wannan. A PowerShell ɗin dai, lokacin da nauyin ke faruwa, a rubuta:

New-MpPerformanceRecording -RecordTo C:\rahoto.etl

Bayan 'yan mintuna a danna Enter don tsayar da naɗin, sannan a rubuta:

Get-MpPerformanceReport -Path C:\rahoto.etl -TopFiles 10

Za a ga fayiloli 10 da suka fi cin lokacin injin. Sau da yawa foldar wata manhaja ce da ke rubuta fayiloli ba ƙaƙƙautawa, kamar ta masu rubuta manhajoji ko rumbun bayanai. Idan an amince da foldar, ana iya keɓe ta daga bincike ta Manage settings, a sashen Exclusions. A taƙaita keɓewar ga wannan folda kaɗai. Kada a keɓe faifan C gaba ɗaya, ko Downloads, ko Temp, domin nan ne bairos ya fi sauka.

Abin da ya kamata a guje wa

Akwai masu ba da shawarar kashe Defender kwata-kwata ta hanyar taɓa rajistar Windows ko sauke wasu ƙananan manhajoji. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido: kwamfutar za ta ɗan yi sauƙi, amma kalmomin sirri, bayanan banki da takardun aiki sun zama a fili. Windows ma ba ta yarda a tsayar da injin daga Task Manager, kuma idan aka kashe Real-time protection yakan kunna kansa bayan ɗan lokaci. Kariyar Tamper Protection, wadda ke hana sauya saitunan tsaro ta bayan fage, ita ma a bar ta a kunne.

Idan an bi matakan nan ba a ga sauyi ba, a buɗe Command Prompt da izinin mai kula, a rubuta sfc /scannow domin gyara fayilolin Windows da suka lalace. A tsofaffin kwamfutoci masu faifan ajiya mai juyawa da RAM mai gigabayit 4, sauya faifan zuwa SSD da ƙara RAM kan rage jinkirin ƙwarai. Ga kwamfutar ma'aikata kuwa, sashen fasahar sadarwa ne ke riƙe da waɗannan saituna, don haka a kai musu rahoton da aka naɗa su duba.