Maleriyar tsuntsaye: Asalinta, illarta da darasin tsibiran Hawai

Maleriyar tsuntsaye cuta ce da wasu ƙwayoyi ke haddasawa ta hanyar shiga jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu. Dangi ɗaya ce da zazzaɓin cizon sauro da ke addabar bil'adama, sai dai ba ta kama mutum, kamar yadda ta mutum ba ta kama tsuntsu. Ana samun ta a dukkan nahiyoyin duniya, in ban da Antatika.

Ire-iren ƙwayoyin cutar

Masana sun kasa waɗannan ƙwayoyi gida uku. Na farko shi ne Plasmodium, wanda sauro ke yaɗawa, kuma shi ne ainihin mai jawo maleriya. Na biyu, Haemoproteus, wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ƙudajen da ke laɓewa cikin gashin tsuntsu ne ke ɗaukar sa. Na uku, Leucocytozoon, yana yaɗuwa ta cizon baƙaƙen ƙudajen bakin rafi.

Idan ƙwayar Plasmodium ta shiga jiki, takan fara hayayyafa a sassan ciki kafin ta mamaye jini. Daga nan sai ƙarancin jini ya biyo baya, hanta da saifa su kumbura, tsuntsun ya daina kiwo, ya kasa tsere wa mai farautarsa. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan ci gaba da ɗauke da cutar kaɗan-kaɗan, sau da yawa har ƙarshen rayuwarsa.

Gudummawarta ga ilimin likitanci

A shekarun 1880 ne Vasily Danilewsky, wani masani a birnin Kharkiv na ƙasar Yukren ta yau, ya fara bayanin waɗannan ƙwayoyi a jinin tsuntsaye. A 1898 kuma, a Kalkata ta Indiya, likitan Birtaniya Ronald Ross ya yi amfani da tsuntsaye wajen tabbatar da cewa cizon sauro ne ke yaɗa maleriya, binciken da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1902.

Abin da ya faru a Hawai

Tsananin cutar ya dogara ne da ko tsuntsu ya gaji sabo da ita. Babu inda hakan ya fito fili kamar tsibiran Hawai na Amurka da ke tsakiyar tekun Fasifik. Da can babu sauro a tsibiran, don haka tsuntsayen wurin ba su da garkuwa. Wajen 1826 jiragen ruwa suka shigo da sauron Culex, daga bisani kuma ƙwayar Plasmodium relictum ta iso tare da tsuntsayen da aka kawo daga waje.

Daga cikin nau'o'i fiye da 50 na wani dangin ƙananan tsuntsayen daji da babu irinsu a ko'ina sai Hawai, 17 kacal suka rage. Sare dazuka da ɓeraye sun taka rawa, amma maleriya na sahun gaba. Gwaji ya nuna cewa cizo ɗaya na sauro mai cutar yana kashe kusan tara cikin goma na wani jan tsuntsu da ake kira iiwi. Waɗanda suka tsira sun fake a kan duwatsu, sama da kimanin mita 1,500, inda sanyi ke hana sauro sakat. Yanzu ɗumamar yanayi na tura sauron zuwa can, mafakar tana ƙara ƙuntata.

A ƙarshen 2023 aka fara sakin mazajen sauro masu ɗauke da ƙwayar Wolbachia a tsibirin Maui. Namijin sauro ba ya cizo, kuma macen da ya sadu da ita ƙwayayenta ba sa ƙyanƙyashewa, sai yawan sauron ya ragu. Haka nan wani nau'in tsuntsu mai suna amakihi ya fara nuna juriya ga cutar a ƙasa-ƙasa.

Ɓoyayyiyar illa

A Afirka da Turai, inda tsuntsaye suka daɗe da cutar, galibi ba a ganin alamarta. Amma rashin alama ba lafiya ba ne. A 2015 masu bincike na Jami'ar Lund ta Suwidin suka wallafa sakamakon nazarin shekaru da dama kan wani tsuntsun fadama da ke hayayyafa a Turai, ya kuma yi ƙaura zuwa Afirka kudu da Sahara lokacin sanyi. Sun gano cewa masu ɗauke da cutar sun fi saurin tsufa, ba su kai sauran tsawon rai ba, kuma 'ya'yan da suke bari ba su kai nasu yawa ba.

Wannan ya shafi Najeriya, domin dausayin Haɗeja zuwa Nguru masauki ne na ɗimbin tsuntsaye masu ƙaura, inda suke cuɗanya da na gida da kuma sauro. Darasin Hawai kuwa a bayyane yake: safarar tsuntsaye masu rai daga wata ƙasa zuwa wata ba tare da killacewa da gwaji ba tana iya kai cuta inda babu garkuwarta, kuma nau'in da ya ƙare ba ya dawowa.