Yadda sansanonin yankan katako suka koma masaukan hutu a Tafkin Moosehead

Sansanin yankan katako wuri ne da kamfani kan kafa a tsakiyar daji domin kwanan ma'aikata da ajiyar abinci da dawakai. A jihar Maine ta Amurka, a bakin ruwa aka fi kafa irin waɗannan sansanoni, domin ta kogi da tafki ake kora gungume zuwa masana'anta. Wannan kusanci da ruwa shi ya ba su daraja bayan da sana'ar ta sauya.

Tafkin Moosehead, mafi girma a jihar, shi ne babban misali. A shekarar 1976 aka yi korar gungume ta ƙarshe a Kogin Kennebec, manyan motoci suka karɓi jigilar, ma'aikata kuma suka rage kwana a daji. Pittston Farm, tsohuwar cibiyar kamfanin takarda na Great Northern, ta zama masaukin baƙi. Jirgin ruwa Katahdin, wanda aka ƙera a 1914 kuma ya daɗe yana jan gungume, yanzu masu yawon buɗe ido yake ɗauka.

Daga nan sai filin bakin ruwa ya fi itacen da ke kansa tsada. A 1998 kamfanin Plum Creek ya sayi daji mai faɗin eka kusan 900,000 a jihar, a 2005 kuma ya nemi izinin yanka fuloti 975 da gina wuraren shaƙatawa biyu a kewayen tafkin. An amince a 2009, bisa sharaɗin hana gini a eka fiye da 300,000. An soke shirin a 2020, bayan kamfanin ya koma hannun Weyerhaeuser.

Hanyar isa ruwa tana cikin batutuwan gardamar. A dokar Maine, duk tafkin Allah da ya wuce eka 10 na jama'a ne, amma gaɓarsa tana iya zama mallakar mutum ɗaya.

Kano ba ta da irin waɗannan sansanoni, domin yawancin katakon ginin da ke kasuwanninta daga kudu ake kawo shi. Sai dai tambayar ta shafe ta. Duk ranar da attajirai suka fara neman fili a gaɓar Tiga ko Bagauda, wajibi ne takardar mallaka ta fayyace ta inda masunta da makiyaya za su bi su kai ga ruwa.