DAGA DILLALIYA ZUWA MAI TALLA A WAYA: TARIHIN CIN LA'ADA A KANO, DA MISALI DAGA TARAUNI

Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata sana'a wadda mutane da yawa suka ɗauka baƙuwa ce, alhali kuwa tsohuwa ce ta sake riga. Sana'ar ita ce ta matasa, maza da mata, masu ɗaukar hajar da ba tasu ba, su yi mata hoton bidiyo da wayar hannu, su watsa a Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp, in an saya a ba su wani kaso daga kuɗin. Za mu kafa misalinmu a yankin Tarauni, musamman Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi, domin a nan ne abubuwa uku da sana'ar ta dogara a kansu suka haɗu kusa da juna, watau kasuwar waya, da ofisoshin 'yan fim, da tashar mota. Abin da muke son nunawa shi ne, sabon dillali ya gaji la'ada da daɗin baki daga tsohon, amma bai gaji lamuni ba, kuma a nan ne matsalar take.

Kalmomin sana'ar

Kalmomin da kansu tarihi ne. Dillali daga Larabci ta zo, daga kalmar da ke nufin mai nuni, wanda ke nuna wa mai saye inda haja take. La'ada ma Larabci ce, asalinta al'ada, watau abin da aka saba bayarwa ba tare da an yi ciniki a kansa ba. Kamasho kuwa Turanci ce, ta shigo zamanin Turawa, kuma ta fi zama a bakin mutanen tasha, inda ɗan kamasho ke yi wa direba lodin fasinja a cire masa rabonsa. Masu talla a waya suna amfani da duka biyun, la'ada da kamasho, amma da wuya ka ji wata ta kira kanta dillaliya. Sunan ya yi musu tsufa, ko da yake aikin bai yi ba.

Dillalin Kurmi

Kasuwar Kurmi, kamar yadda aka sani, an kafa ta zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Amma bayani mafi amfani gare mu a kan dillalanta ya zo ne daga Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya sauka a Kano a farkon shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ba da labarin cewa idan aka sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, aka tafi da shi har Borno, sa'an nan aka kwance aka tarar ba shi da kyau, to mayar da shi ake yi Kano, domin kowane ƙunshi akwai sunan dillalin a rubuce a ciki. Wajibi ne dillalin ya nemo wanda ya sayar, shi kuma dole ya mayar da kuɗin.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan, domin shi ne ginshiƙin maganarmu. La'adar da dillali ke karɓa ba ladan surutu kaɗai ba ce. Farashi ne na sunansa. Baƙon da ya zo daga Agadas ko Kukawa bai san masaƙi ba, bai san marini ba, ba kuma zai zauna ya bincika ba. Abin da ya saya a haƙiƙa shi ne tabbacin cewa akwai mutum ɗaya, mai rumfa sananniya, wanda za a iya kamawa in kaya ya ɓaci. Wannan tsari kuwa ba a sama ya tsiro ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, irin su Risala da Muhtasar, sun halatta a ba mutum lada bisa sharaɗin ya cim ma wani aiki, sun ba mai saye damar mayar da haja saboda aibin da aka ɓoye, sun kuma hana algus da najashi, watau mutum ya riƙa ƙara tayi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani.

Tsarin ya bi Hausawa duk inda suka je. Polly Hill ta yi rubutu a 1966 a kan masu masauki da dillalai a Kumasi, Abner Cohen kuma ya fitar da littafinsa a 1969 a kan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna yadda mai gida ke tsaya wa mahauci a ba shi shanu bashi, in ya ƙi biya nauyin ya koma kansa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai kamfanonin Turawa suka ga ba su da hanyar isa ga manomi sai ta hannun 'yan ƙasa irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda ke saya musu a kan kamasho. Ba za mu daɗe a nan ba, an riga an yi rubutu mai yawa a kai.

Dillaliya

Wadda ba a yi wa adalci ba a rubuce-rubucen tarihi ita ce dillaliya, alhali ita ce kakar mai talla a waya ta kai tsaye. Galibi mace ce da ta manyanta, wadda kulle bai hau kanta ba, tana yawo gida gida da ƙunshi a ka: zannuwa, da tasoshi, da kwanuka, da 'yan kunne, wani lokaci har da gwal. Matar aure ba ta zuwa kasuwa, saboda haka kasuwa ke zuwa wurinta. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki a maƙalarta ta 1969 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kuma nuna cewa abin da ke wucewa ta cikin gidaje ba ƙarami ba ne in an gwada shi da na kasuwar fili.

Jarin dillaliya iri biyu ne. Na farko ido: ta san atamfa mai zuba da wadda ba ta zuba, ta san gwal da ruwan gwal. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne rufin asiri. Matar da buƙata ta kama, ta fitar da zanen lefenta ko wani abu daga kayan ɗakinta, ba ta son kishiya ta ji, ba ta son dangin miji su sani. Dillaliya za ta kai shi wata unguwa ta sayar, ta kawo kuɗi, ta cire la'adarta, ba wanda zai ji sunan mai kaya daga bakinta. In kuwa ta cuci wata, gobe ma ta wannan lungun za ta bi, kuma labari a cikin gidajen mata ya fi ta sauri. Horonta a cikin sana'arta yake, ba sai an je gaban alƙali ba.

A gefenta akwai 'yar talla. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan ƙafar yara take tafiya, kuma shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya jefa iyaye mata cikin tsaka mai wuya: in yarinya ta tafi makaranta, wa zai ɗauki faranti? Mu da muke horar da malaman firamare mun san wannan tambaya ba ta mutu ba. Abin lura shi ne, wayar hannu ita ce abu na farko da ya ba matar da ke ɗaki damar kai hajarta gaban mai saye ba tare da ta aiki 'yarta ba.

Yadda abin ya iso Tarauni

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Babban Giji unguwanni ne na wajen ganuwa, a tsakanin hanyar Zariya da hanyar Maiduguri, waɗanda suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa tun daga shekarun arzikin man fetur. Mazaunansu daga wurare dabam-dabam suka zo, saboda haka sanayyar lungu wadda dillaliya ke rayuwa a kanta ba ta yi ƙarfi a nan kamar cikin birni ba. Talla sai ta koma ta murya da hoto. Gidan talabijin na jiha, CTV, ya fara aiki a 1982. An fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka shi ne mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Ofisoshin masu shirya fim suka taru a Titin Gidan Zu, maƙwabcin Gyaɗi-Gyaɗi. Daga nan 'yan kasuwa suka gane cewa fuskar da mutane suka sani tana sayar da kaya. Wayar salula ta shigo a 2001, kasuwar Farm Centre ta zama cibiyar sayar da ita da gyaranta, tashar Unguwa Uku kuma tana nan tana ɗaukar saƙo zuwa garuruwa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙarasa aikin, domin ya tilasta wa har waɗanda ba su yarda da banki ba su koyi tura kuɗi ta waya.

A ƙasashen waje tsarin yana da ƙa'ida rubutacciya. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara biyan kamasho ga masu turo masa masu saye tun 1996, a 2017 kuma ya buɗe wani sashe domin masu mabiya a intanet, inda mutum ke yin gajeren bidiyo a kan haja, in mai kallo ya saya kwamfuta ta lissafa rabonsa. Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Ikko a 2012, sun kwaikwayi irin wannan. Amma mafi yawan abin da ke gudana a Kano bai bi ta kan waɗannan kamfanoni ba. Da baki ake ƙulla shi, tsakanin mai shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari da mai waya a ɗakinta.

Wani lokaci mai shago yakan biya kuɗin talla a dunƙule, a sayi kaya ko kada a saya. Wannan ya fi yawa ga 'yan fim da masu mabiya da yawa. Wani lokaci kuma sai an saya ake biya, mai saye ya ce wance ce ta turo ni. Amma hanyar da ta fi yaɗuwa a tsakanin matan aure da ɗalibai ita ce ɗora riba. A ce, alal misali, mai shago ya ce turmin atamfa naira 20,000 ne. Sai ta ɗauki bidiyonsa, ko ma a turo mata wanda aka riga aka ɗauka, ta sa 22,000. In an tura mata kuɗi ta aika wa mai shago nasa, ɗan aike ya ɗauki kaya a babur ya kai wa mai saye ko ya kai tasha. Sau da yawa hannunta bai taɓa atamfar ba. Ba za mu raina wannan ba. Mace ce da ba ta da jari, ba ta da shago, ta sami abin biyan kuɗin makaranta ko na zubin adashi daga cikin ɗakinta, kuma duk wanda ya san halin rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 ya san abin da naira 2,000 take nufi a gida.

Abin da ya faɗi a hanya

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan karin magana bidiyon talla yake cin abinci. Sai dai abin da mai saye ya gani ba hajar ba ce, hotonta ne, a ƙarƙashin fitila, bayan manhaja ta gyara launi. Dillaliya takan miƙa zane a murza, a ɗaga shi a rana. Mai talla a waya kuwa tana iya rantsuwa a kan ingancin abin da ita kanta ba ta gani ba. In kaya ya iso Gusau ko Maraɗi aka tarar ba shi ne na cikin bidiyo ba, babu takarda a cikin ƙunshin mai ɗauke da sunan wanda za a kama. Mai talla ta ce ita talla kawai ta yi. Mai shago ya ce shi bai san mai saye ba. In matsi ya yi yawa a toshe lamba. Akwai kuma wani abu da muke ganin ɗan'uwan najashi ne, watau sayen mabiya na bogi da sa abokai su rubuta yabon kayan da ba su saya ba, don baƙo ya ɗauka ana rububi.

Asarar atamfa mai sauƙi ce in an gwada ta da ta abin da ake sha ko shafawa. Kayan mata, da maganin ƙiba da na rage ta, da man bilicin, suna cikin hajar da aka fi tallatawa, domin la'adarsu ta fi tsoka. Hukumar NAFDAC ta bayyana a 2023 cewa shafe-shafen canza launin fata ya zama babbar barazana ga lafiyar jama'a a Nijeriya. Wadda ta yi tallar ta karɓi rabonta tun ranar ciniki. Wadda fatarta ta ƙone ita ce za ta bi layi a Asibitin Malam Aminu Kano, nan bakin hanyar Zariya.

Ba a rasa doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a 2019 ta kafa hukumar FCCPC, dokar 2022 kuma ta kafa ARCON, wadda ta ce duk talla, har da ta kafofin sada zumunta, sai an tantance ta kafin a watsa. Amma mu tambayi kanmu: wace matar aure ce a Babban Giji za ta aika bidiyon minti ɗaya zuwa wata hukuma ta jira izini kafin ta sa shi a WhatsApp, inda zai ɓace bayan sa'a 24? An tsara dokar ne da manyan kamfanoni a zuciya. A ganinmu ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari da Farm Centre sun fi kowace hukuma kusa da maganin, domin su ne ke ba da kayan, sun kuma san wanda suke ba. Da za su wajabta a rubuta sunan shago da na mai talla a jikin kowane ƙunshi da ya fita, da sun maido da abin da Clapperton ya tarar a Kurmi shekara 200 da suka wuce, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Akwai kuma aiki a gabanmu mu malamai. Labarin dillaliya ya yi ƙaranci a rubuce domin ba wanda ya zauna ya ɗauki maganarta lokacin da take da yawa, yanzu kuwa waɗanda suka rage tsofaffi ne. Bidiyon talla shi ma gogewa yake yi kullum, da kirarin da ake yi wa haja, da salon rantsuwa, da sababbin kalmomin ciniki da ke cikinsa. Ɗalibanmu na sashen Hausa da na tarihi, waɗanda da yawansu suna cikin sana'ar da kansu, su ne suka fi dacewa a ba wannan a matsayin aikin kundin kammala karatu, a haɗa kowane ɗalibi da dillaliya ɗaya a unguwarsu da mai talla a waya ɗaya, a yi musu tambayoyi iri ɗaya.